Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi: Tarihin Sana'ar Tallata Haja a Ƙasar Hausa da Matsayinta a Fiƙihu

Gabatarwa

A yau idan aka ambaci masu sana'ar tallata haja, hankali kan tafi ga ma'aikatan kamfanoni da suka yi karatun kasuwanci a jami'a, masu tsara tallan rediyo da talabijin da intanet. Saboda haka da yawan ɗalibai suke ɗauka cewa sana'ar baƙuwa ce, Turawa suka zo da ita. Tarihin kasuwannin ƙasar Hausa bai goyi bayan wannan zato ba. Ƙarnuka kafin zuwan Turawa akwai mutanen da aikinsu ke nan: su san haja, su san mai buƙatarta, su haɗa mai kaya da mai kuɗi, su ci abinci daga la'ada. Su ne dillalai da fatomai da masu gidajen sauke fatake. Sana'ar tana da ƙwarewar da ake koya, tana da matakan da yaro ke hawa har ya zama maigida, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da tsara mata hukunce-hukunce. Wannan maƙala ta bi diddigin sana'ar daga Kasuwar Kurmi zuwa Gwanja, daga nan zuwa zamanin gyaɗa da na kamfanonin talla, domin nuna cewa abin da ya riƙe ta tsawon tarihinta shi ne sanin wanda ya yabi haja da kuma iya komawa kansa idan yabon ya zama ƙarya.

Asalin sana'ar a fiƙihu

Kalmar dillali daga Larabci Hausa ta aro ta, wato dallal, mai nuna hanya zuwa ga kaya ko zuwa ga mai saye. Haka ma la'ada, wadda asalinta al-ada ne, abin da aka saba bayarwa. Larabawa suna da wata kalma kuma, simsar. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Ƙaisu ɗan Abi Garaza (Allah Ya yarda da shi) cewa a Madina da wannan suna ake kiransu, har Manzon Allah (SAW) ya kira su da sunan 'yan kasuwa, ya kuma faɗakar da su cewa ciniki ba ya rasa yasasshiyar magana da rantsuwa, don haka su riƙa haɗa shi da sadaka. Hadisin ya tabbatar da sana'ar, ya kuma nuna inda haɗarinta yake, wato harshe.

Imamu Buhari ya ware babi a kan ladan dillanci, inda ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba, kuma Ibn Abbas (Allah Ya yarda da su) ya halatta mutum ya ba wani tufa ya sayar, da sharaɗin abin da ya haura wani farashi ya zama nasa. A gefe guda Sunna ta hana wasu dabaru da masu talla ke faɗawa cikinsu. Ta hana najashi, wato mutum ya ƙara taya alhali ba shi da niyyar saye, don kawai ya ruɗi wani. Ta hana tarar ayari a bayan gari a saye kayansu tun ba su san farashin kasuwa ba. Ta hana ɓoye aibi, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim game da mai tsibin abinci da ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa ya rufe da busasshe. Ta kuma bayyana cewa rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana shafe albarka.

Akwai hadisin da ya hana ɗan gari ya sayar wa baƙauye kayansa, wanda Ibn Abbas ya fassara da cewa kada ya zame masa dillali. Da an ɗauki hanin a sake, da babu wani fatoma da zai tsira. Amma Malikiyya sun taƙaita shi ga mazauna daji da ba su san farashi ba, suka bar dillanci tsakanin 'yan kasuwar garuruwa a kan halacci. Galibi sun sanya ladan dillali ƙarƙashin ju'ala, wato ladan da ba a cancanta sai aiki ya kammala: idan ciniki bai faɗa ba, babu la'ada. Malaman Ƙairawan da Tunis sun yi rubutu na musamman a kai. Yahaya ɗan Umar, wanda ya rasu a 289 Hijira, ya bar Ahkamus Suƙ a kan hukunce-hukuncen kasuwa, Abul Abbas al-Ibyani kuma, wanda ya rasu a 352 Hijira, ya amsa tambayoyin da aka tattara da sunan Masa'ilus Samasira. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, waɗanda su ne ginshiƙan karatun zaure a ƙasar Hausa, sun ɗauko wannan gado suka iso da shi hannun alƙalan Kano da Katsina da Zazzau.

Mas'ala ɗaya daga cikin wannan gado ta cancanci a riƙe ta, domin za ta sake bayyana a Kasuwar Kurmi. Idan aka sayi kaya ta hannun dillali sannan aibi ya bayyana, malaman mazhabar sun tafi a kan cewa biyan kuɗi yana wuyan mai kaya, ba dillali ba. Sai dai ana tambayar dillali ya nuna mai kayan, idan kuma ya ce bai san shi ba sai ya rantse. Ke nan dillali ba mai lamuni ba ne, amma shi ne igiyar da ake bi a kai ga wanda haƙƙi ke kansa.

Kasuwar Kurmi da dillalanta

Tarihin Kano ya nuna cewa an buɗe hanyoyi daga Borno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438–1452), kuma Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ne ya kafa Kasuwar Kurmi. Sunayen unguwannin birnin har yau suna ba da labarin baƙin da kasuwar ta jawo: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, tun lokacin da kalmar Bature take nufin Balarabe. Baƙon da ya zo da raƙuma daga Agadas ko jakuna daga Nupe bai san harshen kasuwa ba, bai san wanda ke biyan bashi da wanda ke taurin bashi ba, bai kuma san farashin ranar ba. Wannan rashin sani na baƙo shi ne ya haifar da sana'ar dillanci.

Hugh Clapperton, wanda Hausawa suka sani da Abdullahi, ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, shekaru kaɗan bayan jihadi, ya kuma bayyana kasuwar dalla-dalla. Ya ga kowace haja da ɓangarenta, ya ga sarkin kasuwa yana ba da hayar rumfuna yana kuma sa ido a kan farashi. Ya lura cewa mai sayarwa yakan mayar wa mai saye kashi 2 cikin 100 na kuɗin da sunan albarka. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne al'adar cinikin tufafi. A cikin kowane ƙunshi na riga ko turkuɗi ana rubuta sunan dillalin da ya sayar. Idan aka kai ƙunshin Borno ko wata ƙasa mai nisa, aka buɗe aka tarar kayan bai kai yadda aka faɗa ba, sai a komo da shi Kano, a nemi dillalin, shi kuma dole ya nemo mai kayan, wanda dokar gari ta tilasta masa mayar da kuɗi.

Abin da Clapperton ya ɗauka al'adar Kano ce kawai, shi ne hukuncin da aka ambata a sama, an mayar da shi tsarin aiki. Muhimmancinsa ga tattalin arziki babba ne. Heinrich Barth, wato Abdulkarimu, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ya kuma ga cewa suna kaiwa Murzuƙ da Gat da Tarabulus da Tambutu. Turkuɗin da aka rina aka buga a Kura, Buzu ne zai ɗaura shi a Azbin, kuma Buzun ba zai taɓa ganin marinin ba. Ba a kwance ƙunshin a hanya, domin kwancewa na ɓata sheƙin bugu. Abin da ya sa farke ya yarda ya sayi kaya a rufe ya yi tafiyar wata biyu da shi, shi ne sunan da ke ciki. Ɗan guntun rubutun nan ya yi aikin da tambarin kamfani ke yi a yau, da bambanci guda: sunan mutum ne mai gida da unguwa, wanda alƙali zai iya aika masa sammaci.

Ƙwarewar da sana'ar ke buƙata

Farkon abin da dillali ke buƙata shi ne sanin haja. Dillalin goro yana bambance goriya da marsa da minu ta girmansu, ya san sabon goro da daushe, ya kuma gane wanda sankara ta kama tun bai ɓata sauran huhun ba. Dillalin doki yana karanta shekaru a haƙora, dillalin tufa yana gane yawan ƙwarya da kyawun saƙa da zurfin baba. Shi ya sa dillanci ya rabu gida-gida, ba a samun mutum ɗaya ya iya duka.

Na biyu shi ne sanin mutane. Dillali yana riƙe da labarin wanda zai aurar da 'ya, da basaraken da ke neman doki kafin hawan salla, da attajirin da ayarinsa ya makara har kuɗi suka yanke masa. Wannan shi ne abin da masana kasuwanci na zamani suke kira binciken kasuwa, sai dai shi a ka ake ajiye shi, a zaure da masallaci da wurin suna ake tara shi.

Na uku shi ne iya ciniki. A al'adar Hausa mai saye ne ke taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ƙari har ya sallama. Dillali yana tsakiya, yana kai magana yana komo da ita, yana sanyaya wanda ya fusata, yana kuma sanin lokacin da ya kamata a kawo gyara don ciniki ya faɗa. A nan ne jarrabawar addininsa take, domin shi kaɗai ya san abin da kowane ɓangare ya faɗa a bayan idon ɗaya. Zai iya ƙirƙirar tayin da ba a yi ba, wanda najashi ne ko da babu mutum na uku a wurin. Zai iya sayarwa da tsada ya gaya wa mai kaya ƙasa da haka, ya ci la'ada ya ci rara.

Na huɗu shi ne lissafi da rubutu. A zamanin Barth riyal guda tana daidai da wuri 2,500 a Kano, kuma ana ɗaure wuri 20,000 a keso ɗaya, don haka babban ciniki yakan ci yini ana ƙidaya. Bashi kuwa da saƙo tsakanin garuruwa sai da wasiƙa. Wannan ne ya sa malami ya zama ɗan gida a harkar fatauci. Alhaji Umaru na Salga, Bakano da aka haifa a wajajen 1858, ya rasu a Karaci ta ƙasar Gana a 1934, ya tashi ne cikin iyalin fatake, kuma littafinsa as-Sarhatul Wariƙa, wanda ya rubuta a 1877, jagora ne na rubuta wasiƙu. Ga al'ummar da dukiyarta ke yawo tsakanin Kano da Gwanja, iya tsara wasiƙa ilimi ne na neman abinci.

Mata ma suna da nasu reshen. Saboda kulle, matan aure a birane ba sa zuwa kasuwa, amma suna kaɗi, suna saƙa, suna sana'ar abinci, suna tara kayan ɗakin 'ya'yansu. Dillaliya, wadda galibi dattijuwa ce ko bazawara, ita ke shiga gida-gida da zannuwa da tasoshi da kayan ado, ta karɓi na wannan ta kai wa waccan. Jarinta shi ne izinin shiga gidaje da riƙe sirri, domin matar da buƙata ta sa ta sayar da kayanta ba ta son kishiya ko maƙwabta su sani.

Matakan hawa: daga yaro zuwa maigida

Hanyar Gwanja ce ta fi nuna yadda mutum ke girma a sana'ar. Ayari yakan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu da Sansanin Mango ko Yandi, ya sauka Salga, ya komo da goron ƙasar Asante. Tafiyar takan cinye watanni masu yawa. Madugu ke jagorantar ayari, yana da jagaba mai gaba da malami mai rubutu da addu'a. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna cewa a ƙarni na 19 rukunoni uku ne suka mamaye wannan fatauci: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda kakanninsu baƙi ne da suka zama Hausawa ta hanyar kasuwanci.

A kowane zango farke yana da maigidan da yake sauka wurinsa. Maigida ke ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillalai, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi. Yaro yakan shiga irin wannan gida yana ɗaukar kaya da kai saƙo. Idan ya nuna hankali sai a fara ba shi ƙaramar haja ya zaga da ita. Daga nan ya zama dillali mai cin wani kaso na la'ada, maigidansa ya yi masa aure, wataƙila ya ba shi jari bisa ƙiradi su raba riba. Wanda Allah Ya buɗa wa sai ya gina gida mai ɗakunan baƙi, fatake su fara sauka wurinsa, shi ma ya zama maigida. Babu takardar shaida a wannan tafarki. Shaidar ita ce a ce wane yaron wane ne, kuma ba a taɓa jin ya ci amana ba.

Tsarin ya nuna ƙarfinsa lokacin da garuruwa suka rushe. Ingilishi sun ƙona Kumasi a 1874, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni, sannan yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892. Masu gidaje da dillalai suka koma Karaci da Kintamfo da Kumasi da Ankara, fatake kuma suka bi su can. Kasuwar ta bi mutanen da aka amince da su. A ƙarni na 20 Abner Cohen ya tarar da tsarin yana nan a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916. Shanun arewa ana sayar da su bashi ga mahauta Yarabawa, maigida ne ke lamuni, kuma darajar dillali ita ce sanin ƙarfin kowane mahauci da tarihin biyansa. Cohen ya kuma nuna yadda yaɗuwar ɗarikar Tijjaniyya a unguwar a farkon shekarun 1950 ta ƙara ɗaure masu gidaje da yaransu, har cin amanar ciniki ya zama abin da ke zubar da mutum a masallaci kamar yadda yake zubar da shi a kara.

Inda amanar ta tsaya

Adalci ga tarihi yana buƙatar a faɗi cewa cikin hajojin da dillalai suka tallata har da 'yan Adam. Clapperton ya ga rumfunan bayi a Kurmi, kuma Salga ta shahara da cinikinsu kamar yadda ta shahara da goro. Ƙa'idar mayar da kaya saboda aibi ta kare mai saye, amma ba ta amsa tambayar da ta fi girma ba, wato ko wanda ake sayarwa ɗa ne. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu, a amsarsa ga mutanen Tuwat mai suna Mi'irajus Su'ud, ya lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba, kuma sayar da 'ya'ya na cikin abubuwan da jagororin jihadi suka zargi sarakunan Hausa da shi. Duk da haka cinikin ya ci gaba har ƙarshen ƙarni na 19. Darasin a fili yake: mai talla zai iya zama mai gaskiya ga abokin cinikinsa alhali hajar kanta zalunci ce. Gaskiyar magana sharaɗi ne, halaccin abin sayarwa kuma sharaɗi ne na dabam da ke gabansa.

Zamanin jirgin ƙasa da gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan mulki auduga suka sa rai za ta cika jiragen, domin masaƙun Ingila. Manoma suka zaɓi gyaɗa, wadda ta fi riba, kuma ko farashi ya faɗi ana iya cinta. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa kimanin tan 19,000 a 1913. Kamfanonin Turai ba su san ƙauyuka ba, ba su jin Hausa. Binciken Jan Hogendorn ya nuna cewa fataken goro ne suka yi aikin: suka baza yaransu cikin karkara, suka yaɗa labarin farashi, suka ba da kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin kaka, suka shawo kan dagatai. Wannan gangamin talla ne cikakke, kuma da ƙwarewar hanyar Gwanja aka yi shi.

Rayuwar Alhassan Dantata ta tattara wannan sauyi. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin Agalawa, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya yi karatun allo, ya shiga fataucin goro, ya kuma kasance cikin waɗanda suka fara ɗauko goro ta teku daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Da gyaɗa ta zo sai ya zama mai saya wa Niger Company, daga baya UAC, da yara masu yawa a ƙauyuka. A 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 a reshen Bank of British West Africa na Kano. Ya rasu a 1955. Matakan da ya hau su ne na da, daga yaro zuwa maigida, amma wanda yake yi wa dillanci yanzu kamfani ne da ke ƙayyade farashi daga ƙetare. Da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, aka mayar da ita ta Jihar Arewa a 1954, sai saye ya koma hannun masu lasisi, kuma takardar gwamnati ta fara zama a gurbin shaidar jama'a. Ba da kuɗi kafin kaka ma ya tayar da tambayoyin fiƙihu, domin ciniki irin na salam yana da sharuɗɗa na sanin awo da siffa da lokaci, kuma idan aka yi sakaci da su sai ya zama tarkon bashi ga manomi.

Daga dillali zuwa kamfanin talla

Talla a matsayin sana'ar ofis ta fara a Nijeriya da West African Publicity Limited a 1928, wanda daga baya ya zama Lintas. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a 1939, ta kai tallan hajojin kamfanoni ga masu karanta Hausa, gidan rediyo da talabijin na Kaduna kuma ya biyo baya a 1962. A 1988 gwamnati ta kafa APCON don yi wa masu talla rajista da sa ido a kansu, a 2022 aka maye gurbinta da ARCON. Tafarkin hawa ya koma na digiri da lasisi da muƙaman ofis.

Ƙwarewar asali ba ta sauya ba: sanin haja, sanin mutane, iya magana, iya lissafi. Abin da ya sauya shi ne alaƙar magana da mai ita. Dillalin Kurmi da bakinsa yake yabon kaya, sunansa kuma yana cikin ƙunshi. A tallan zamani wani ne ke tsara kalmomi, wani ke furta su, wani ke biyan kuɗi, mai saye kuwa bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Mai maganin da ake cewa yana warkar da kowace cuta, da tauraron da ke yabon abin da bai taɓa amfani da shi ba, da yabon ƙarya da ake saye a shafukan intanet don a nuna haja na da farin jini, duk sababbin tufafi ne a jikin tsofaffin mas'aloli na algus da ɓoye aibi da najashi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa Shari'a ba ta ƙyamaci tallata haja ba, kuma ƙasar Hausa ta gina kasuwanci mai kaiwa daga Tarabulus zuwa Ankara a kan wannan sana'a. Ya kuma nuna cewa amanar da ta riƙe kasuwancin ba ta dogara ga kyawun hali kaɗai ba. An yi mata tsari: suna a rubuce, maigida mai lamuni, sarkin kasuwa, alƙali, da jama'ar da ke tuna wanda ya ci amana. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (Allah Ya yarda da shi) ya hana wanda bai fahimci addini ba ciniki a kasuwar Musulmi, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya maimaita wannan ma'ana a babin ciniki na Ihya'us Sunna. Aikin da ke gaban malaman fiƙihu na yau shi ne su fayyace a kan wa alhaki yake a cikin tallan da hannaye da yawa suka haɗu a kansa, da matsayin kuɗin da aka karɓa don yabon abin da ba a sani ba, da haƙƙin mai saye idan talla ta ruɗe shi. Ɗalibin da zai shiga wannan sana'a kuwa yana da ma'auni daga magabatansa: kada ya faɗi wata magana a kan haja face wadda zai yarda a rubuta sunansa a ƙarƙashinta, a komo masa da kayan daga Borno idan ta zama ƙarya. Allah ne Mafi sani.